Ɗumi Daga Abuja

Da Misbahu ya ce zai fasa daɓen ɗakin mahaifiyarsu, Hamida ta ɗauka wasa yake. Sai ga shi ya iso gidansu na unguwar Takur da ma'aikata da naɗin siririn bututu. Suka shimfiɗa bututun a ƙasa yana lanƙwasa daga bango zuwa bango, suka zuba siminti, suka sa tayil. A kan rufi aka ɗora tankin da rana ke dafa ruwansa. Idan ruwan zafin ya zagaya cikin bututun, sai ƙasan ɗakin ya ɗau ɗumi. Wata 'yar na'ura da ya manna a bango ce ke auna sanyin ɗakin tana aika wa wayarsa. Daga Abuja, inda yake aiki, yana iya kunnawa, ya ƙara ko ya rage.

Mahaifiyar tasu, Hajiya Gaji, ta daɗe tana fama da sanyin ƙashi. Idan hunturu ya shigo, taka ƙasa da asuba kan zame mata azaba. Hamida ce 'yarta ta fari, malamar firamare, kuma tun rasuwar mijinta ta dawo gida. Ita ke dafa mata ruwan alwala, ita ke matsa mata gwiwa, ita ke bin layi da ita a asibiti. Misbahu ne auta, ba a ganinsa sai da sallah.

Abin ya yi aiki, Hamida ba ta musa ba. Kafin kiran sallah ɗakin ya yi ɗumi, Hajiya ta sauko daga gado ba ta cije leɓe ba. Amma daga nan gidan ya koma wurin kallo. Matan unguwa suka riƙa zuwa suna dafa tayil da tafin hannu. Har ƙanwar Hajiya, Gwaggo Hassana, ta hau mota daga Kiyawa don ta gani da idonta.

"Autana ne," in ji Hajiya. "Yana can Abuja, amma ya san ƙafata na jin sanyi. Allah ya yi masa albarka."

Hamida na durƙushe tana zuba musu kunu. Ta san al'ada, uwa ba ta yabon ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ta kama. Tun tana yarinya "ke" take amsawa. Amma da ta fito tsakar gida sai ta tarar ta riƙe ludayin da ƙarfi har ya yi mata shaida a hannu.

Da yamma ta kira ƙanin nata.

"Ka sa min abin nan a wayata mana. Ni ce a gidan."

Ya yi dariya. "Yaya, bar shi kawai. Saitin yana da wuya, kada a taɓa wani wuri ya rikice. Idan akwai matsala ki kira ni."

Ta ce to, ta kashe wayar. Ita da ke shigar da sakamakon ɗalibanta a kwamfuta, wai ita ce za ta rikita saiti.

Wata safiyar Asabar Hajiya ta tashi da zazzaɓi. Jikinta ya yi zafi rau, ga ƙasan ɗakin yana ta huro ɗumi kamar yadda aka tsara masa. Tsohuwar ta yaye mayafi tana haki. Hamida ta danna na'urar bangon, ta ga a kulle take. Ta kira Misbahu, bai ɗauka ba. Ta sake kira, ta tura saƙo, shiru. Sai ta zagaya bayan ɗaki inda injin tura ruwan yake, ta fizge wayar wutarsa daga bango. Ta buɗe taga, ta jiƙa tawul tana goga wa Hajiya a goshi.

Ko tawul ɗin bai bushe ba wayarta ta yi ƙara.

"Yaya, waye ya kashe injin? Yanzu saƙo ya shigo min cewa ya tsaya."

Hamida ta fita zaure don kada Hajiya ta ji.

"Saƙon inji ka gani, nawa ba ka gani ba?"

"Ina cikin taro ne, na ce in na fito..."

"Yanzu ka fito kenan? Hajiya zazzaɓi take yi, ɗakin kamar gidan burodi. Kai sanyin ɗaki wayarka ke nuna maka, Misbahu. Ba ta nuna maka Hajiya. Amma kai ne mai albarka, ni ko maɓalli ba a yarda in taɓa ba."

Sai Misbahu ya tambayi jikin Hajiya, ya ba Hamida haƙuri, ya ce a kai Hajiya asibiti yanzu. Kafin su dawo ya turo mata manhajar da lambar sirrin.

Zazzaɓin ya sauka cikin makon. Hamida ta zauna da wayarta ta koyi saitin tsaf. Ta rage ɗumin tsakar rana, ta matso da na asuba gaba kaɗan, domin ta san Hajiya kan riga ladan tashi.

Washegari Hajiya ta sauko da ƙafa, ta ji tayil ɗin daidai yadda take so.

"Kin ji yaron nan," ta ce. "Yau har ya san na tashi da wuri. Allah ya yi masa albarka."

"Ni na saita, Hajiya. Yanzu a wayata yake."

Hajiya ta dube ta, ta kau da kai tana gyara ɗankwali.

"To ai ke kina nan," ta ce.

Hamida ta tsaya ko za ta ƙara wani abu. Hajiya ta miƙo hannu a kama ta zuwa wurin alwala. Hamida ta sa wayar a aljihu, ta kama hannun.