Zaman Hoto

'Yata ba ta magana, amma ba ta taɓa yin shiru ba. Tun tana goye take wani ɗan sauti a maƙogwaro, mmm, mmm, shi ya sa muke kiranta Kurciya. A gida waƙa muke ce masa. Da waƙar nake sanin halin da take ciki ko ina wanke-wanke. In ta yi ƙasa-ƙasa, tana bayan labule tana wasa da zare. In ta yi sama, wani abu na damunta. In tana tsinkewa, fitsari take ji. Babanta kan ce rediyon gidanmu ce, ba batir, ba wurin kashewa.

Da makarantu suka ƙi karɓarta, aka tura mu cibiyar Dakta. Ba uwar da ke da yaro irin nawa da ba ta san Dakta ba. Ita ta yi ta sintiri ofis-ofis har aka fara horar da malaman da za su iya da yaranmu, ita ke jagorantar binciken da ake yi a kansu, kuma duk shekara takan ɗauki yaro ɗaya ta je da shi gaban 'yan majalisa.

Hotunan waɗannan yaran ne jere a doguwar barandar cibiyar, inda muke zaman jira. Na daɗe ina zama a ƙarƙashinsu kafin na lura. Duk zama ɗaya suka yi. Tafin hannu biyu kife a kan gwiwa, kai ya ɗan karkata dama, murmushi a baki, idanu kuwa kamar an aike su wani wuri. Can ƙarshen barandar akwai wani tsohon hoto da ya koɗe, na wata yarinya mai tabo a girar hagu. Ita ma zamanta ke nan.

Wata rana ina shanya sai na ji gidan ya yi mini wani iri. Na tsaya da rigar babanta a hannu ina saurare. Babu waƙa. Na yar da rigar na ruga, zuciyata na kan bokitin ruwan da na bari a buɗe. Na same ta a gefen gado, lafiyarta ƙalau, hannu biyu a kan gwiwa, kai a karkace, tana yi wa bango murmushi.

"Alhamdu lillahi," in ji surukata da ta leƙo. "Ke da kika samu sauƙi kike ɓata rai? Yarinya ta natsu."

"Inna, ta jiƙa wandonta ban sani ba."

"To sai ki wanke. Ba ga ruwa ba?"

Babanta ya yi dariya ya ce an ɗauke wutar rediyo. Da kwanaki suka ja, shi ma ya daina dariyar. Ranar da ƙofa ta datse mata yatsa, sai da na ga jini a zanen gado na sani.

Na je cibiyar na ce ina so in ga abin da ake yi mata. Malamar da ke kula da ita ba ta yi musu ba. Ta kai ni wani ɗaki mai duhu, mai gilashin da kake ganin na ciki, su ba sa ganinka. Ta ce kada in ƙwanƙwasa.

Ba duka, ba tsawa. Da ma akwai, da na san abin da zan yi. Kurciya na kan ƙaramar kujera, malamai biyu a gabanta. Da ta fara mmm, sai su biyun su juya mata ƙeya a tare, kamar an ja su da igiya ɗaya, su tsaya cik suna kallon bango. Ta ƙara sauti, ba wanda ya motsa. Ta miƙa hannu ta taɓa gefen rigar ɗaya, ba ta waiwayo ba. Sai da ta haɗiye waƙar, ta kife hannu a gwiwa, sannan suka juyo fuska a sake, suna tafi. Na ga maƙogwaronta yana motsi, babu abin da ke fitowa.

Daga nan ofishin Dakta na wuce. Ta tarbe ni da fara'a.

"Maman Kurciya, kin riga ni. Ita na zaɓa bana. Ban taɓa ganin yaron da ya kama zaman da wuri kamarta ba."

"Dakta, waƙarta nake so a mayar mini."

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta yi mini bayani a hankali, ba da raini ba. Ta ce 'yan majalisar nan lokaci kaɗan suke ba ta. In yaro ya yi ƙara, sai su fara duba agogo, su ce irin waɗannan asibiti ya kamata a kai su, ba aji ba. In ya zauna tsaf, sai su sa hannu. Ta ce dokar da take nema bana za ta hana kowace makaranta korar yaro irin nawa.

"Da zaman nan na buɗe ƙofofi da yawa, 'yata. Kin ɗauka ban san abin da yake jawo wa yaran ba?"

Gaskiya ta faɗa. Na sunkuyar da kai, sai idona ya faɗa ƙarƙashin teburinta. Hannunta biyu kife a kan gwiwa. Na ɗago. Kanta ya ɗan karkata dama, tana murmushi, ga tabo a girar hagu inda tabarau ke rufewa.

"Dakta," na ce, "ke wa ya juya miki ƙeya?"

Murmushin bai gusa ba. Maƙogwaronta ne kawai ya motsa.

Na ce mata zan je majalisar in tana so, zan tsaya in yi magana da bakina, in gaya musu yadda nake sanin ciwon 'yata. Zan zo da Kurciya, amma yadda Allah ya yi ta. Ɗakin gilashin nan kuwa ba za ta sake shiga ba, ko da hakan na nufin a cire sunanmu.

"Za su duba agogo," in ji ta.

"Su duba. Ni jini na gani a zanen gado."

Na fita na ja mata ƙofa.

Na karɓi 'yata a hannun malamar, na ɗaura mata takalmi, muka kama barandar. Rana tsaka ce, ba kowa a kan bencin jira, sai hotunan nan suna bin mu da murmushi. Hannunta a cikin nawa kamar na 'yar tsana. Mun zo daidai tsohon hoton ke nan na ji shi. Mmm. Can ƙasa-ƙasa, a shaƙe, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Na duba bakin Kurciya. Ba ita ba ce. Daga bayanmu yake fitowa, ta ƙarƙashin ƙofar ofishin da na rufe.

Kurciya ta ja ta tsaya. Ta miƙe kanta, ta juya tana kallon ƙofar. Yatsunta suka matse nawa har na ji zafi. Sai ta amsa, siririya, tana tsinkewa.

Na san wannan waƙar. Na sunkuce ta na yi banɗaki da ita a guje, ina kuka ina dariya.