Odinatar Cha'ibu a Cikin Rumbu

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, sojoji kuma suka karɓe mulki a Yamai, ita ce shekarar da Cha'ibu ya dawo Matameye daga cin rani da odinata a ka.

Wata biyar ya yi a Kano yana gashin tsire. Ranar da zai tafi, abu ɗaya matarsa Shekara ta ce masa: "Malam, hatsi." Da niyyar hatsin kuwa ya tashi. Sai ana jibi zai taho ya biya shagon Muntaka, ɗan garinsu mai sayar da kayan lantarki na hannu, ya tarar ana kokawa a cikin gilashi. Aka kada wani ƙato. Muntaka ya danna wani abu, ƙaton ya tashi, aka sake kada shi.

"Ƙara," in ji Cha'ibu. Sai da aka kada bawan Allah nan sau biyar.

"Kawu, wannan ita ce nan suke ce wa kwamfuta, mu a gida odinata. Kokawa, fim, wa'azi, har wasiƙa tana rubutawa."

Muntaka ya fito da biyu. Ɗaya siririya mai ninkewa kamar littafi, ɗaya kuwa kashi uku ce: gilashi mai ƙaton ƙeya, da akwati, da faifan rubutu. Cha'ibu ya yi shekara ashirin yana dillancin tumaki a kasuwar Kance, ba ya sayen abin da bai jinjina ba. Ya ɗaga ƙaramar da hannu ɗaya, ya taɓe baki.

"Wannan ramammiya ce."

"Kawu, ita za ka ɗauka. Ko wuta ta tafi tana ci gaba da aiki. Ka san wutarmu ta gida."

"In na shiga gari da wannan a hammata, wa zai san na sayo wani abu?"

Ya rungumi babbar, ya ji bayansa ya amsa, ya ce ita ce. Abin da ya rage a aljihu ya yi kuɗin mota da masara tiya biyar.

Da ya iso gida, Shekara ta dubi masarar, ta dubi kwalaye uku. Shi kuwa kwana huɗu zaurensa cike, har daga ƙauyen Yauri aka zo kallo. Mutane suka fara ce masa Mushe Cha'ibu, yadda ake kiran ƴan boko da Faransanci, yana amsawa.

A rana ta biyar mai shela ya zaga gari: gobe kwamiti zai bi gida gida ya rubuta waɗanda ba su da abinci, za a ba kowa buhun gero. Kafin la'asar magana ta bazu cewa duk gidan da aka ga babur ko talabijin, tsallake shi za a yi. Masara kuma ta kusa ƙarewa, ga baki tara a gidan.

Cha'ibu ya tura odinata ƙarƙashin gado, ƙeyar ta ƙi shiga. Ya roƙi maƙwabta su ajiye masa, waɗanda jiya suka cika masa zaure kowa ya ce shi ma gidansa za a shiga. Yana tsaye tsakar gida sai idonsa ya faɗa kan rumbu, wanda tun kaka ko ɓera ya daina leƙawa. Ya kafa tsani, ya ɗage murfin, ya zura kayan ɗaya bayan ɗaya da igiya.

"Malam," in ji Shekara, "ni dai da za ka ji..."

"Wannan aikin maza ne. Ki yi shiru."

Ta yi.

Da hantsi suka iso: mai unguwa, da wata madam riƙe da rajista, da soja dogo. Cha'ibu ya sa tsohuwar riga, ya langaɓe kai, ya fara bayanin fari tun daga shuka.

"Baba, ba sai ka wahala ba," in ji madam. "Mu rumbu muke dubawa. Ina yake?"

Cha'ibu ya nuna mata da haɓa. Sojan ya hau tsani, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, kafaɗunsa rawa suke yi.

"Madam, gonar nan bana odinata ta yi."

Mai unguwa ya sa rawani ya toshe baki. Madam ta juya wajen Shekara.

"Inna, ku nawa ne a gidan?"

"Tara, ƴar nan. Da ta cikin rumbu goma. Ita ba ta cin tuwo, amma ita ta cinye namu tun daga Kano."

Madam ta yi ta dariya har da share hawaye, sannan ta ciro kati.

"Sunanki?"

"Cha'ibu," in ji Cha'ibu da sauri. "Ni ne maigidan."

"Mun ga aikinka, Baba. Sunanki, Inna?"

Aka rubuta Shekara, aka dangwala yatsanta. Madam ta ce ranar Talata za a raba geron, kuma wanda ba sunansa a kati, ko bakin buhu ba ya kwancewa, mai unguwa ne shaida.

Da suka fita, Shekara ta ƙulle katin a bakin zane, ƙulli biyu.

"Malam, ranar Talata ka tashi da wuri. Kai za ka ɗauko mini buhuna."