Ofelia a Ƙolin Sanda

Shekara goma sha ɗaya ke nan Ofelia da mijinta Anselmo suna zaune a cikin jirgin ruwansu mai tafiya da iska, tun ranar da suka bar Montevideo. Wata uku suka yi da jefa anka a Portobelo suna gyare-gyare. Aiki ɗaya ya rage kafin su kama hanyar Cartagena: igiyar da ke ɗaga babban zanen da ke kama iska ta tsinke can a ƙolin sanda, dole wani ya hau ya zura sabuwa.

A da Anselmo ne ke hawa, ita tana riƙe masa igiya. Amma tun bara hannunsa ke rawa, ga mantuwa da ta sako shi gaba. Rannan a tukunyar shinkafa ta tsinci makullin inji, ta mayar da shi wurinsa ba ta ce uffan ba. Ta san ranar da ta furta abin, zaman jirgi ya ƙare, kuma ba su da wani gida a tudu.

"Ke za ki hau, tsohuwa?" in ji Anselmo. "Da wannan ƙugun naki? Sai dai mu nemo kireni mai ɗaga kaya."

"Kai dai ja, tsoho. In na kai sama ka ɗaure, ka tsaya nan. Kada ka matsa."

"Ni za ki koya wa aikina?"

Ta zauna a kujerar tamfol da ake ɗaga mai hawa da ita, shi kuma ya dinga naɗe igiyar kujerar a hankali har ta isa ƙoli. Gishiri ya cinye 'yar tayar da igiya ke bi, sai da ta sha mai ta yarda ta juya. Ofelia ta zura sabuwar igiya, ta share gumi.

"To, sauke ni."

Ta leƙa ƙasa, babu kowa a kan jirgin. Igiyar da ke riƙe da ita tana nan a ɗaure. Daga ciki ta jiyo ƙarar buta a kan wuta, da rediyo.

Ta kira shi sau biyu. Za ta yi na uku sai ta kama bakinta. Anselmo mutum ne da ba ya ganin igiya a inda bai sa ranta ba sai ya kwance ta ya naɗe. Idan ya fito bai ɗaga kai ba fa?

Haka ta rungume sandar, rana na dukanta, ƙafafunta suka mutu. Ta fi awa guda kafin Jurandir, ɗan Brazil ɗin da jirginsa ke kusa da nasu, ya hango tana kaɗa hula. Ya tuƙo kwalekwalensa, ya hau, ya sauke ta sannu a hankali.

Ƙafarta na taɓa katako Anselmo ya fito da ƙoƙon shayin mate a hannu.

"Ina kika shiga? Sau biyu ina tafasa ruwa."

"Na ɗan hau sama ne."

Ya dubi kujerar da ke ɗaure a ƙugunta, ya bi igiyar da ido har ƙoli. Ya daɗe yana kallo.

"Ni na ɗaga ki?"

"Kai ne."

"Daga nan na yi me?"

"Ka ɗaure da kyau, tsoho. Ko motsi bai yi ba."

Ya zauna, ya ajiye ƙoƙon a gefensa, shayin na zuba bai lura ba. Jurandir ya juya baya, wai yana gyara ɗaurin kwalekwalensa.

Ofelia ta kwance kujerar, ta murza ƙafafunta har jini ya dawo.

"Jurandir, ɗan'uwa," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "gobe da safe ka zo ka taya ni cire zanen nan. Sannan ka kai ni wurin masu fitar da jirage tudu."