Kilo Takwas A Jikin Malam

Shekara talatin Malam ya yi yana koyar da kimiyya a sakandare har ya yi ritaya, amma a gidansa bai taɓa cin gardama ba. Ko ruwa ya ce zai sauko, in Hajiya matarsa ta ce a'a, sai hadarin ya watse don tsoronta. Burinsa guda ne kafin ya bar duniya: ya ji ta buɗe baki ta ce, “Malam, kai ne da gaskiya.”

Damar ta zo da autarsu ta haihu a wata ƙasa, aka aiko musu da tikitin jirgi. Kowa akwati ɗaya, kilo ashirin da uku. Hajiya ta baje kaya a tsakar ɗaki: barguna, tawul, rigunan sanyi na surukinsu, da tukunyar ƙarfen da ta gada wajen mahaifiyarta, tukunyar da Hajiya ta rantse sai ta danƙa wa Auta hannu da hannu. Akwati ya yi tozo, ya ƙi rufuwa. Sai ta nannaɗe bargunan tam, ta ɗaure da igiya, ta haye murfin ta zauna da dukkan nauyinta har zik ya ja.

“Ka gani? Ya koma rabi. Yanzu ko kilo ashirin bai kai ba.”

“Hajiya, girmansa kika rage, nauyin yana nan. Iska kawai kika kora, kayan suka ƙara danƙarewa.”

“Malam, nan ba aji ba ne. Abin da ya ƙanƙance ai ya yi sauƙi, ko jinjiri ya san wannan.”

Da mutumin kirki ne, da sai ya ɗauko sikelin banɗaki ya nuna mata. Amma Malam shaidu yake so. Ya lallaɓa ya auna nasa akwatin, ya ɗora sikelin can saman kabad, ya ce mata ai batirinsa ya mutu. Kwana biyu yana murmushi shi kaɗai, har da 'yar waƙa a wanka.

A filin jirgi layi ya yi tsawo, shaidu kamar an yi gayya. Akwatin Malam ya hau sikeli: ashirin da uku cif. Na Hajiya ya hau: talatin da ɗaya.

“Mama, sai an rage kilo takwas,” in ji ma'aikaciyar. “Mene ne mai nauyi a ciki?”

Malam ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, yana shirin bayani. Hajiya kuwa ta durƙusa ta buɗe akwatin, ta zaro tukunyar ta rungume, idonta ya cika da ƙwalla. Nan daɗin da yake ji ya fara tsami, don bai taɓa nufin abin ya taɓa tukunyar ba. Yana cikin wannan tausayi ta ɗago kai, ta dubi akwatinsa, ta dube shi.

“Malam, ya aka yi naka ya zo cif-cif, alhali batirin sikeli ya mutu?”

Malam ya shiga kallon silin. Hajiya ta share ido ta juya ga ma'aikaciyar.

“'Yata, mutum fa, kuna auna shi?”

“A'a, Mama, kaya kawai.”

“Madalla. Malam, ɗaga hannu.”

Rigar sanyi ta farko ta shiga jikin Malam lafiya, ta biyu da ƙyar. A ta huɗu hannuwansa suka daina sauka. Ta kwance igiya, barguna suka kumbura suka koma girmansu na da, ta yafa masa biyu a kafaɗa, ta naɗa masa tawul uku a wuya. Mutanen layi suka yi ta dariya, wani dattijo har da riƙe ciki. Tukunya ta koma mazauninta, sikeli ya nuna ashirin da uku.

Suka nufi ƙofar shiga jirgi, ita a gaba da 'yar jakarta, shi a baya yana tafiya kamar katifa ta yi ƙafa, gumi na bin bayansa. Can ta tsaya, ta ciro hankici ta goge masa goshi a hankali, yadda take yi tun suna sabon aure.

“Malam,” ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “kai ne da gaskiya. Matsewa ba ta rage nauyi.”

Wayyo, shekara talatin yana jiran wannan magana! Ya so ya ɗaga hannu ya kafa shaidu, hannun ya ƙi motsi. Ya so ya ce ta maimaita, tawul ya toshe masa baki.

“Kuma tafiyar awa tara ce,” in ji Hajiya. “Kada ka cire ko ɗaya.”