Tauraro Ɗaya Daga Hajiya Ummul Khairi

Shekara uku Aliya tana kan gaba. Duk wanda ya rubuta "turaren wuta Damagaram" a injin bincike, shagonta na unguwar Birni ne ke fara fitowa, har daga Agadas ake aiko mata a saya. Wata Litinin ta duba salula, ta tarar an tura ta shafi na biyu, inda ba mai leƙawa. Kwana goma ba ta ga baƙuwar fuska a shago ba.

Ta kira yayanta Alkasum, wanda ya taɓa yin horon sati biyu a Yamai kan tallar intanet, tun daga lokacin kuma ba mai iya yi masa musu.

"Masu injin sun sake tsari," in ji shi. "Bara kalmomi suke so, kin zuba musu. Bana ra'ayin masu saye suke dubawa, taurari ake ƙirgawa. Ke kuwa mutum ɗaya ce ta ba ki, shi ma tauraro ɗaya tak cikin biyar."

Aliya ta duba, ta ga sunan. Hajiya Ummul Khairi ce, wadda wata bai taɓa wucewa ba ta sayi kwalba ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta ja mayafi sai gidan Hajiya, inda tun daga zaure turaren Aliya ne ke tashi.

Bayan gaisuwa ta ce, "Hajiya, me na yi miki? Turaren ya ɓaci ne?"

"Ya ɓaci? 'Yar nan, a gidan biki mata har bayana suke bi suna shaƙa! Ni ce zan hau intanet in gaya wa duk Damagaram inda nake saye? An ce tauraro ɗaya na korar mutane, shi ne na danna."

Aliya ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ashe shi ya sa sauran matan ma suka yi gum: mace ba ta tona inda take samo ƙamshinta.

"Hajiya, in kuka ci gaba da ɓoye ni, shagon zai mutu. Wa zai haɗa miki?"

Wannan bai taɓa zuwa wa Hajiya a rai ba.

"Zan yi miki haɗi naki ke kaɗai, ba zan sayar wa kowa ba," in ji Aliya. "Ki ba ni biyar."

Hajiya ta daɗe tana juya salularta kafin ta miƙa mata.

"Danna da kanki. Amma ki rubuta cewa sau ɗaya na taɓa saye."