Ƙarƙashin Gado na Bakwai

Duk wanda ya shiga gidan tsalle na Durumi a Abuja, abin da zai fara cin karo da shi taswirar Najeriya ce a bango, an manna mata kwaɗi. Koren kwaɗo ne tambarin kamfanin, kuma duk garin da suka buɗe reshe sai a manna masa guda. Legas na da huɗu, Fatakwal biyu, Kano da Kaduna da Jos kowa da nasa. Abuja kuwa kwaɗin sun hau kan juna har sun rufe sunan garin. Yamusa mai shara shi ke goge taswirar nan kowace safiya, kuma ko sau ɗaya bai taɓa son ta ba.

Ga wanda bai taɓa leƙawa ba, gidan tsalle wani ƙaton zaure ne mai sanyi, an jera baƙaƙen gadajen roba guda ashirin, kowanne da lambarsa. Mutum ya sa safa, ya hau, robar ta yi ta cilla shi sama. Ba yara kaɗai ba, har manyan ma'aikatan gwamnati, ka ga darakta guda da tumbinsa yana tashi yana sauka yana ihu. Ranar Asabar layi har bakin titi. Yamusa ya shekara arba'in da biyar a duniya bai san tsalle abin sayarwa ba ne.

Shi dai ba son shara ce ta kawo shi ba. Filin nan gonar ubansa ce, manomin Gbagyi da aka binne a gefen gonar, gindin kaɗanya. Da masu takardun fili suka zo, gidan ya watse, Yamusa ya kwashi iyalinsa da tsohuwarsa Magdalene suka koma Ushafa wurin danginta, inda ta ci gaba da ginin tukwane. Ranar da buldoza ta tumɓuke kaɗanyar, yana tsaye. Bai yi kuka ba, aune ya yi da ƙafa: taku talatin da ɗaya daga falwayar bakin titi, fuska na kallon dutse. Da gini ya tashi ya nemi aikin shara, ya sake aunawa daga ciki. Ƙafarsa ta tsaya a kan gado na bakwai.

A gidansu akwai abin da ba a wasa da shi. Idan sabuwar dawa ta zo, ba mai sa ta a baki sai an dama kunu da ita an fara zuba wa wanda ke ƙasa. Haka uban Yamusa ya yi wa nasa uban. Yamusa yana zuwa coci, ya kuma san fasto ba ya son wannan, amma fasto bai san Baba ba. Kowace kaka Magdalene kan cika masa wata 'yar tukunya da ta gina da hannunta, ta zauna da yunwa har ya dawo, ta tambaye shi da yarensu, "Ƙasa ta sha?" Sai ya ce ta sha, sannan a ci.

Ƙarƙashin gadajen akwai rami, zurfinsa bai wuce ƙugu ba, kuma mai shara kaɗai ke da makullin 'yar ƙofarsa. Nan Yamusa ke rarrafawa ya kwaso safa da 'yan kunne, wata rana har haƙori. Daidai ƙasan na bakwai simintin ya tsage, faɗin ɗan yatsa. Injiniya zai ce rashin ban ruwa ne. Yamusa ya san Baba ne ya buɗe baki. Kaka uku yana zuba kunu a tsagar nan, ƙasa na shanyewa tas.

Tausayi ne ya ja masa. Kullum yana rami yana jin dirin ƙafafu a samansa, dim, dim, robar na lotsowa har kusa da ƙeyarsa, sai ransa ya ɓaci. Mutumin da a rayuwarsa ko jikoki ba sa gudu a gabansa, yau ga shi 'ya'yan baƙi na tsalle a kan cikinsa tun safe har rufewa. Sai ya fara rarrashinsa. Abin da ake yi sau ɗaya a shekara ya koma na kowane mako, har yana ƙara sukari, don tsohon mai son zaƙi ne. Cinnaku suka ji labari. Wata Asabar suka biyo ƙarafa suka hau sama ana tsakiyar bikin ranar haihuwa, suka shiga safar 'yar wani babba.

Manajar gidan, Rukayyat, matashiya ce mai gilashi, ba ta da mugun hali. Ta kira shi ofis, ta juyo masa kwamfuta, ga shi nan a hoton kyamara yana shiga rami da tukunya.

"Baba Yamusa, zauna. Mene ne wannan, don Allah?"

"Madam, babana ne yana wurin."

"Wurin ina?"

"Ƙasan number seven. Gonanmu ne da. Ina ba shi kunu."

Ta cire gilashin ta ce innalillahi.

"Head office sun ce in sallame ka. Na roƙe su. Za a buɗe sabon branch a hanyar Bwari, kusa da gida ma, can za ka koma. Komai iri ɗaya ne, same design, wallahi ba za ka san ka canza wuri ba."

Yamusa ya zame daga kujera ya durƙusa, kunya ta fita daga idonsa.

"Madam, sati biyu ya rage a yanka dawa. Sau ɗaya kawai, ba zan sa sugar ba."

"Jiya aka toshe wurin da siminti, Baba. Makullin ma na karɓa."

"To a bar ni in tono shi in kai shi Ushafa."

"A fasa floor? Baba, Asabar ɗin nan kaɗai muna da birthday tara."

Ta faɗa ne a hankali, idonta ya ciko. Da ma zaginsa ta yi, da ya samu wanda zai tsana.

Gaskiya ta faɗa kuwa, sabon reshen bai bar komai ba. Launi ɗaya, waƙa ɗaya, gadaje ashirin, har kwandon shara a kusurwa ɗaya yake. Ranar buɗewa, da yake shi ne dattijo cikin ma'aikata, aka ba shi sabon kwaɗo ya manna a taswira, ana tafi. Ya manna. Bai gaya wa Magdalene komai ba. Tsohuwa mai shekara tamanin, da an raba ta da gonarta da ɗakinta, ta yaya za a ce mata an raba ta da mijin kuma?

Aka yanke dawa a 'yar gonar da dangi suka ara masa. Da safe Magdalene ta miƙo tukunyar, kunun na tururi. Ya shiga mota zuwa Durumi, ko Allah zai sa a dace. Silas mai gadi, wanda suka shekara uku suna cin abinci kwano ɗaya, ya tare ƙofa.

"Oga Yamusa, abeg. Hotonka yana wayana, an ce kar ka shiga. Ina da yara."

Ya waiga neman falwayar, ko ya zuba daga waje ya kira sunan Baba. Ashe an faɗaɗa wurin ajiye motoci, an cire ta, an shimfiɗe ko'ina da bulo. Ya tsaya riƙe da tukunya kamar mai talla, har wata mota ta yi masa hon.

Ya isa sabon reshen a makare. Bai san lokacin da ya buɗe 'yar ƙofar ramin ba, gwiwoyinsa ne suka san hanya. Ya rarrafa ya wuce na ɗaya, na uku, na biyar, ya tsaya ƙasan na bakwai. Simintin sabo ne, sumul, ba tsaga ko ta allura. Ya san ba kowa a nan. Duk da haka ya kira sunan ubansa, ya karkata tukunyar.

Kunun ya bazu, ya yi faɗi, ya tsaya. Yamusa ya jira. A samansa aka fara tsalle, dim, dim. Ya jira har kunun ya huce ya yi fata, ko ɗigo bai shige ba. Baƙin ciki ya danne shi, ya kifa goshi a siminti ya yi kukan da bai yi ba ranar buldoza. Da ya gama ya fita ya ɗauko bokiti da tsumma, don shi ne mai shara.

Da la'asar ya iske Magdalene a tsakar gida cikin ɗanyun tukwanenta, ƙwaryar kunu a rufe a gabanta, jikoki sun zuba mata ido. Tun safe ko ruwa ba ta sha ba.

"Ƙasa ta sha?"

Ya dubi hannunta a kan faifan da ya rufe ƙwaryar.

"Ta sha, Mama."

Ta yi murmushi, ta ce da ma ta san ba zai ƙi ɗansa ba. Ta buɗe ƙwaryar, ta miƙa wa Yamusa da hannu biyu, domin bayan na ƙasa, babban ɗa ke fara sha. Duk gidan na kallonsa. Ya karɓa, ya kafa kai, ya riga ubansa shan sabuwar dawa.