Daddawar Inna Hure a Fesbuk

Hamsatu ta tashi ta tarar da mahaifiyarta, Inna Hure, tana sana'ar daddawa da yaji da garin ɗanwake, tana kaiwa kasuwar Bukkuyum duk ranar da ta ci. A shekarar 2017 mijin Hamsatu, Namadi, direban bas tsakanin Bukkuyum da Gusau, ya sayo mata babbar waya. Wata rana ta jera daddawar Inna a kan sabon faifai, ta ɗauki hotonta, ta sa a wani dandalin mata na Fesbuk, ta rubuta a ƙasa cewa ta gida ce, kalwa zalla.

Ba a jima ba mata suka fara neman lambarta daga Gusau da Sakkwato, har Kaduna. Sabis ba ya kamawa a cikin ɗaki, sai ta fito bakin rumbu ta ɗaga wayar sama kafin saƙo ya tafi. Duk da haka tana amsa wa kowa, har da masu tambayar farashi su ɓace. Namadi kuwa shi ke kai ƙullin kaya tasha ya haɗa da direbobi 'yan'uwansa.

Ana cikin haka, wata mai saye a Kaduna, Hajiya Amariya, ta turo mata wani saƙo da ke yawo a Wasap. Hoton faifanta ne, an rubuta a kai cewa a guji abincin yankin Anka da Bukkuyum, wai da turmin da suke daka dutsen zinariya suke daka abinci, akwai gubar dalma a ciki. Ba a san wanda ya rubuta ba. Masu saye suka ɗauke ƙafa, wasu ma da zagi suka tafi.

Abin ya yi wa Hamsatu ciwo, domin maganar ba ta rasa tushe ba. Inna 'yar Sunke ce, wani ƙauye a yankin Anka, kuma a shekarun baya, lokacin da gubar ta yi ta kashe yara a ƙauyukan, jikanta guda yana cikin waɗanda aka binne. Bayan rasuwar ne ta dawo wajen Hamsatu da zama.

Namadi ya ba da shawarar ta buɗe sabon shafi da wani suna, ta ce daga Gusau take, tunda dama ta can kayan ke bi. Hamsatu ta yi ta juya maganar, sannan ta ce masa ba za ta iya ba. In ta ɓoye garinsu, ta yarda ke nan da abin da aka faɗa a kansu.

Ta je ta karanta wa Inna saƙon. Tsohuwar, wadda ba ta taɓa yarda a ɗauke ta hoto ba, ta nuna wayar da ke hannun Hamsatu.

"Ɗauki hannuwana da turmin, ban da fuska," in ji ta. "Ni zan yi musu magana."

Da hantsi suka yi bidiyon. Hamsatu ta nuna tukunyar da kalwa ke tafasa, da rijiyar da suke ɗiban ruwa, da tabarmar shanya a kan gadon kara, nesa da ƙasa. Sannan muryar Inna ta shigo, ba rawa ba kuka.

"Abin da anka ce ya faru, ya faru. Mun daka dutse cikin gida, ba mu sani ba, kuma mun binne ɗiyanmu. Wancan turmin da hannuna na ƙone shi. Wannan da kuke gani sabo na, bai taɓa ganin dutse ba. Wanda ya binne jika ba ya ba ɗan wani guba."

Hamsatu ta ƙara da cewa duk mai shakka ƙofarsu a buɗe take, ta kuma roƙi wanda ya tura saƙon farko ya tura wannan ma.

Bidiyon bai yi gudun saƙon farko ba. Wasu ba su dawo ba har yau. Amma Hajiya Amariya, da ta zo biki Gummi, ta biyo ta Bukkuyum, ta hau mashin daga tasha ta iso gidan ba sanarwa. Ta duba ko'ina, ta ci tuwon dawa da miyar kuka tare da su, ta koma ta faɗi abin da idonta ya gani a duk dandalin da take ciki. Daga nan kasuwa ta fara farfaɗowa a hankali.

Bayan kaka, wata Basira daga rugar da ke bayan gari ta zo da ƙwaryar man shanu, tana jin nauyin tambaya ko za a sa nata a wayar. Hamsatu ta ce za a sa, amma sai ta je rugar ta ga yadda ake kaɗa nonon. Suka yanke Hamsatu za ta bi ta rugar idan an tashi kasuwa.